Mujiya a Hannun Mutum: Ƙwai, Kwanci da Renon 'Ya'ya

Mujiya tana cikin tsuntsayen farauta 'yan kaɗan da ba sa yi wa mai kiwo gardama wajen haihuwa. Mikiya da shaho sukan shafe shekaru a keji ba su ko dubi juna ba. Ita kuwa farar mujiya, irin wadda ke yini a silin ɗin makarantu da masallatai daga Wara har Yelwa, in ta samu miji da ƙoshi da lungu mai duhu, tana fara zuba ƙwai tun tana da shekara ɗaya. A wuraren da ake kiwonta takan yi ƙwai sau biyu a shekara, wani lokaci har sau uku. Inda aikin ke tsayawa shi ne wajen ciyar da 'ya'yan, da wajen fitar da ɗan da zai iya riƙe kansa ranar da aka buɗe masa ƙofa.

Akwai mujiya fiye da iri 200 a duniya, Najeriya kuma tana da fiye da iri goma. A ƙasar Ngaski da Yauri da Shanga, wadda mutane suka fi haɗuwa da ita ita ce farar, mai fuska a baje da ciki fari da baya ruwan ƙasa mai ɗige-ɗige. Tsawonta bai cika wuce santimita 35 ba. Ita ce mai tsawa da dare, kuma ita ce ta fi sabawa da ginin ɗan Adam har ta mai da shi gida. Akwai manya da ake kira duji, masu tukkun gashi biyu a ka. Ɗaya tana ƙwai a ƙasa tsakanin duwatsu ko a kogon itace. Ɗayar, wadda ta fi kowace mujiya tsawo a Afirka, takan kai santimita 60 da ɗoriya, tana da fatar ido ja-ja, kuma tana cin bushiya bayan ta feɗe fatar mai ƙaya ta yar. Akwai 'yan ƙanana masu cin fara da gyare da tsaka, cikinsu har da wadda ke yawo da rana, mai baƙaƙen tabo biyu a ƙeya da suke ruɗar abokan gaba su zaci idanu ne. A bakin manyan koguna na Afirka ta Yamma, inda dogayen itatuwa suka sunkuyo kan ruwa, akwai kuma jar mujiya mai kamun kifi, wadda ganinta sai an dace.

Yanayin ƙasar ne ya sa farar mujiya ta matso kusa da mutane. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsibirai da ƙauyuka, aka sake wa mutum kimanin 44,000 matsuguni. Kowace shekara tafkin yana cika yana ja da baya, manoma kuma suna bin sawunsa da shinkafa da albasa da masara. Inda hatsi ya yawaita ɓera yakan yawaita. A lokaci guda manyan itatuwa masu kogo, irin su tsohuwar kuka da maɗaci da kanya, suna raguwa saboda gatari. Abinci ya samu, masauki ya yi wuya, sai mujiya ta koma silin ɗin aji, da hasumiyar masallaci, da ɗakin ajiya da aka daɗe ba a buɗe ba.

Daga nan take faɗawa hannu. Kafinta ya hau gyaran rufi ya tarar da 'ya'ya biyar a jere suna huci. Iskar farkon damina ta kwashe kwano ta bar su a fili. Yara sun hango ɗaya a gindin bango sun ɗaure masa zare a ƙafa. Wasu ana kashe su nan take saboda camfi, wasu suna ƙarewa a shimfiɗar 'yan magori a kasuwa, wasu kuma wani mai tausayi ya kai su gida ya sa a kwando, ya riƙa ɗura musu koko da madara har su mutu cikin kwana biyu ko uku. Wannan na ƙarshen shi ya fi ban takaici, domin da niyyar alheri aka yi shi. Sanin yadda mujiya ke haihuwa a tsare yana da amfani ko ga wanda ba zai taɓa kiwonta ba, saboda shi ke nuna abin da ɗan mujiya yake bukata da abin da ke kashe shi.

Masu kiwo na gaskiya ba sa sa mujiya a kejin tantabara. Suna gina mata ɗaki mai tsawon mita da yawa, yadda za ta buɗe fiffike ta tashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ana rufe ɓangarori biyu ko uku da katako don kada motsin mutane ya firgita ta, domin mujiyar da ta tsorata takan yi ta dukan waya har gashin fikafikanta ya kakkarye, goshinta ya fashe. Ana sa sandunan sauka masu kauri daban-daban, saboda tsayuwa kullum a kan sanda ɗaya mai santsi tana kawo gyambo a tafin ƙafa, gyambon da ke da wuyar warkewa. Ana ajiye kwano mai faɗi da ruwa, don tana son wanka fiye da yadda ake zato. A can sama, a lungun da ya fi duhu, ake kafa akwatin ƙwai.

Haɗa mace da namiji shi ma yana son dabara. A yawancin irin mujiya mace ta fi namiji girma da nauyi, kuma a cikin manyan, matar da ba ta yi na'am da miji ba tana iya kashe shi a dare ɗaya. Saboda haka ake fara ajiye su a ɗakuna biyu da waya a tsakani, su saba da ganin juna. A farar mujiya ana gane mace da yawan ɗige-ɗige a ƙirji, namiji kuwa ƙirjinsa ya fi fari. Alamar cewa sun daidaita ita ce namiji ya ɗauko ɓera ya kai wa mace, ta karɓa daga bakinsa. Yakan yi ta kawowa har abinci ya taru a akwati fiye da abin da za ta iya ci. Da wannan take ƙara ƙiba, kuma yawan ƙwan da za ta yi yana bin yawan abin da ta samu a waɗannan makonni. Manyan duji ba sa kai wa haihuwa sai sun yi shekara biyu ko uku, kuma ƙwansu bai cika wuce biyu ko uku ba.

Mujiya ba ta saƙa sheƙa. Ba ta kawo kara, ba ta kawo ciyawa. Abin da take yi wa ƙwai shimfiɗa da shi abu ne da ke fitowa daga cikinta. Takan haɗiye ɓera ɗungum, da gashi da ƙashi, cikinta ya narkar da naman, sauran ya dunƙule ya zama baƙin curi, ta amayo shi bayan wasu awanni. Idan lokacin ƙwai ya zo sai macen ta farfasa busassun curin da baki ta baje su, ta yi ɗan gurbi a kai. Duk wanda ya fasa curi ɗaya zai ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa da ƙananan ƙasusuwa a naɗe cikin gashi. Da irin wannan bincike masana suke gane abin da mujiya ke ci a kowane yanki. A yankin noman rani na Niono a ƙasar Mali, binciken da aka yi a shekarun 1980 ya nuna mafi yawan abincinta shi ne ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda yake cika gonaki da rumbuna a duk Afirka ta Yamma, wanda kuma shi ke ɗauke da cutar zazzaɓin Lassa.

Ƙwan fari ne fat, ya fi na kaza ƙanƙanta. Farar mujiya takan yi huɗu zuwa bakwai, tana saka ɗaya bayan kowane kwana biyu ko uku. A nan ta bambanta da kazar gida. Kaza sai ta gama saka ƙwanta duka take kwanciya a kai, shi ya sa 'yan tsakinta ke fitowa kusan rana ɗaya. Mujiya kuwa tun daga ƙwan farko take fara kwanci. Gashin cikinta yana zubewa a wuri ɗaya, fatar ta yi ja ta cika da jini, ta riƙa ɗora ta kai tsaye a kan ƙwan. Kowane ƙwai yana ɗaukar kwana 30 zuwa 34. Mace kaɗai ke kwanci. Ba ta fita sai na 'yan mintoci, namiji ne ke kawo mata abinci har cikin akwati. A wannan lokaci ba a son a leƙa ta. Wadda aka dama a farkon kwanci tana iya gudu ta bar ƙwan, ko ta fasa shi ta shanye.

Tun da ba rana ɗaya aka fara ɗumama ƙwan ba, ba rana ɗaya suke ƙyanƙyashewa ba. A sheƙa mai 'ya'ya shida, babban yana iya girme wa autan da mako biyu. Sabon ƙyanƙyasa bai kai giram 20 ba, idonsa a rufe, fatarsa ja da ɗan siririn farin gashi, kansa ya yi masa nauyi har ba ya iya ɗaga shi sosai. Uwar tana taka ɓera da ƙafa, ta yago ɗan ƙaramin nama marar ƙashi, ta sunkuya tana taɓa gefen bakinsa da shi tana wani ɗan ƙara a maƙoshi, sai ya buɗe baki ya karɓa. Wajen kwana goma idanu suke buɗewa. Bayan mako biyu farin gashi mai kauri yake rufe jiki, ya fara iya riƙe ɗumin kansa. A mako na uku yana haɗiye ƙaramin ɓera gaba ɗaya, wani lokaci wutsiyar ta daɗe tana reto a bakinsa kafin ta shige. Daga nan uwar take barin su ta shiga farauta tare da uban, domin baki ya yi yawa.

Wannan tazara tsakanin wa da ƙane tana da dalili. A shekarar da ɓera ya yi yawa, duka suna rayuwa. A shekarar da ya yi ƙaranci, manyan ne ke cin abin da ya samu, ƙananan su yi ta ramewa har su mutu, wani lokaci ma a ciyar da sauran da gawarsu. Gara uku su tashi da ƙarfi da shida su mutu da yunwa gaba ɗaya. Amma ba kokawa kaɗai ake yi a sheƙar ba. Alexandre Roulin na Jami'ar Lozan a Suwizalan ya shafe shekaru yana sauraren 'ya'yan farar mujiya, ya gano cewa kafin iyaye su dawo, 'ya'yan suna yi wa juna kuka, wanda yunwa ta fi damu ya fi tsawaita nasa, sauran kuma su sassauta su bar masa ɓeran da za a kawo. An kuma ga manya suna miƙa wa ƙanana abinci idan akwai wadata. Wannan hucin nasu mai kama da minshari shi mutane ke ji a silin da tsakar dare su ce aljanu ne, alhali yara ne ke jiran abinci.

Abinci shi ne babban nauyin mai kiwo, kuma a nan yawancin masu niyyar alheri ke faɗuwa. Mujiya ba ta cin hatsi, ba ta cin tuwo, ba ta shan madara. Tsokar nama zalla daga wurin mahauci ita ma ba ta isa ba. Ɗan mujiyar da aka rena da tsoka kaɗai yana girma da sauri, amma ƙashinsa ba ya ƙwari, domin sinadarin da ke gina ƙashi yana cikin ƙashin abin da ya ci ne. Cikin 'yan makonni ƙafafunsa su lanƙwashe, fikafikansa su karye da kansu, kuma ba ya gyaruwa. Dole a ba shi dabba sukutum, da gashinta da ƙashinta da kayan cikinta. A Turai da Amurka ana amfani da ɓerayen da aka kiwata musamman, da zakarun 'yan kwana ɗaya da kamfanonin ƙyanƙyasa ba sa bukata, ana ajiye su a firiza. Babbar farar mujiya tana cin ƙananan ɓeraye uku ko huɗu a dare, ɗa mai tasowa ma haka. Ke nan uwa da uba da 'ya'ya biyar suna bukatar fiye da ɓera ashirin kowane dare, fiye da dubu cikin wata biyu. Wanda ba shi da wutar da za ta riƙe firiza, ba shi da hanyar samun wannan adadi kullum, bai kamata ya fara ba.

Ɓeran da aka tsinta a mace ba a ba mujiya shi. Mai yiwuwa shinkafar ɓera ko wata guba ce ta kashe shi, gubar kuma tana bin nama ta shiga cikin wanda ya ci. Tantabara da kurciya ma ba a ba ta su, domin suna ɗauke da wata cuta da ke toshe maƙogwaro da farin ƙurji. Shimfiɗa mai laima da ta yi fumfuna tana kawo ciwon huhu. Ruwa ma ba a ɗura wa ɗan mujiya da cokali, saboda ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe, ɗigo kaɗan ya isa ya shaƙe shi. Daga jikin abin da ya ci yake samun ruwansa. A wannan yanki akwai ƙarin haɗari guda: zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Kejin kwano a tsakar gida a irin wannan lokaci yana kashe ɗan mujiya kafin la'asar.

A cibiyoyin da ke son ƙara yawan wani iri da ya kusa ƙarewa, akan ɗauke ƙwan farko a sa a injin ƙyanƙyasa mai ɗumin digiri 37 da ɗan ɗoriya, uwar kuma ta sake saka wasu, a samu riɓi biyu a shekara ɗaya. Amma renon hannu yana da tarko. Ɗan tsuntsu yana koyon ko shi wane ne daga fuskar da ya fara sabawa da ita bayan buɗe ido. Masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz ɗan ƙasar Ostiriya ya shahara da nuna haka a kan 'ya'yan dinya da suka riƙa bin sa a baya. Ɗan mujiyar da ya buɗe ido a hannun mutum, shi kaɗai ba 'yan'uwa, yana tashi yana ɗaukar mutane a matsayin danginsa. Zai yi ta kukan abinci a kunnen mai shi har bayan ya girma. Idan ya balaga ba ya kula 'yan'uwansa tsuntsaye, mutum yake yi wa tayi, ko ya kai masa hari a matsayin abokin gaba. In aka sake shi sai ya sauka a kafaɗar wanda bai san shi ba. A ƙauyen da ake ɗaukar mujiya a matsayin saƙon maita, ƙarshensa sanda ce. Don gudun haka masu kiwo ke mayar da ɗan ga iyayensa, ko ga wasu iyayen riƙo, kafin idonsa ya buɗe. In babu, su ciyar da shi daga bayan labule, su kuma haɗa shi da wasu 'ya'yan. Mujiya ba ta ƙidaya 'ya'yanta, tana karɓar baƙo in girmansa ya yi daidai da nata.

Wajen mako biyar zuwa shida ɗan ya fi iyayensa nauyi. Daga nan ya fara raguwa, farin gashin yarinta yana zubewa, gashin tashi yana fitowa, fuskar tana bajewa. Yana tsayawa a bakin akwati yana kaɗa fiffike, yana juya kai yana auna nisa, yana dira kan ganye ko curi da ƙafa biyu. Wajen mako takwas zuwa tara yake tashin farko. Farauta tana cikin jininsa, iyaye ba sa koya masa, amma gwaninta sai da maimaici, kuma a daji iyaye suna ci gaba da kawo masa abinci na wasu makonni yana kuskure yana sakewa. Kunnuwan farar mujiya ba a daidai suke ba, ɗaya ya fi ɗaya tudu, wanda ya sa take gane inda ƙara ta fito sama ko ƙasa, hagu ko dama. Roger Payne a Amurka ya nuna tana kama ɓera a ɗakin da ba ko ɗigon haske, da ji kaɗai. Tsuntsun da ya girma yana ɗaukar mataccen abinci a kan faranti yana da kunnen, amma bai taɓa aiki da shi ba.

Birtaniya ta ga sakamakon wannan. Ƙidayar 1932 ta samu farar mujiya kimanin ma'aurata 12,000 a Ingila da Wels, ta tsakiyar shekarun 1980 ta samu ƙasa da 4,000. Masu sha'awa suka shiga kiwonta a bayan gida suna sakewa, dubbai a shekara. Yawancinsu suka mutu da yunwa ko mota ta buge su, domin abin da ya rage tsuntsun tun farko, wato rashin filin farauta da rashin wurin ƙwai, yana nan bai canja ba. A 1992 gwamnati ta hana sakinta ba tare da lasisi ba. Abin da ya taimaka daga baya shi ne barin ciyawa a gefen gonaki da kafa akwatuna. A Jamus kuwa kiwo ya yi amfani. Babbar mujiyar Turai ta ragu zuwa ƙasa da ma'aurata 100 a shekarun 1960. Aka yi shekaru ana kiwo ana saki, ana kuma gadin sheƙunan daji don kada a sace 'ya'ya, yau ma'auratan sun haura 2,000. A Kanada an buɗe cibiya a garin Langley a 2007 don ceto wata mujiya mai ɗige-ɗige da ke zaune a tsofaffin dazuzzuka, amma sai a 2022 aka iya sakin uku na farko. Darasin duka ukun ɗaya ne. Kiwo a tsare magani ne na ƙarshe ga irin da ya kusa ƙarewa, yana cin kuɗi da shekaru, kuma ba ya aiki sai an gyara wurin da za a saki tsuntsun. Inda aka yi nasara, ba cilla shi sama ake yi a juya baya ba. Ana kai akwatin da 'ya'yan wurin da za su zauna tun kafin su iya tashi, a ci gaba da ajiye musu abinci da dare har su daina dawowa da kansu.

Farar mujiyar bakin tafkin Kainji ba ta kai wannan hali ba, saboda haka babu hujjar tsare ta. Doka ma ba ta tare da mai kamawa don sayarwa: duk irin mujiya suna cikin jerin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ta amince da ita tun 1974, farauta kuma haramun ce a Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 daga dazukan Borgu da Zugurma. Ta fuskar addini, hadisi ingantacce a Buhari da Muslim ya kore camfin da Larabawan jahiliyya ke yi da mujiya. A Sunan Abi Dawud kuma an ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a kan hanyar tafiya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga tana shawagi cikin damuwa, ya umarce su su mayar mata. Duk da haka har yau idan aka tsani mutum a gari sai a ce ya zama mujiya, kuma yaro yana tashi da wannan ƙiyayya kafin ya taɓa ganin tsuntsuwar da idonsa.

Abin da ya dace da manomin Ngaski shi ne ya ba ta ɗaki ya bar mata 'yancinta. A 1983 manoman Sde Eliyahu a kwarin Jodan na Isra'ila suka fara kafa akwatunan mujiya a gonaki maimakon zuba guba. A 2008 abin ya zama shiri na ƙasa a Isra'ila, akwatuna suka kai dubbai, manoman Jodan da na Falasɗinu su ma suka ɗauka. A Malesiya ana yin haka a gonakin kwakwar manja da na shinkafa. A unguwar Alexandra ta Johannesbag an kafa irinsu a makarantu, aka sa ɗalibai cikin aikin, duk da cewa can ma camfi ya yi ta kawo cikas. Iyali ɗaya na farar mujiya yana cinye ɓeraye dubu biyu zuwa huɗu a shekara. Ba za ta ƙarar da ɓera ba, ba kuma za ta ɗauke wa kowa nauyin rufe abinci da tsabtace rumbu ba, amma tana rage ɓarna kowane dare ba tare da an biya ta ko sisi ba.

Akwatin ba ya fin ƙarfin kafintan kasuwar Wara. Da katako ake yin sa, ba da kwano ba. Faɗinsa da tsawonsa su kai rabin mita, ƙofar ta zama rami mai faɗin santimita 12 ko 13 a can sama, a bar aƙalla santimita 45 daga ramin zuwa ƙasan akwatin don kada 'ya'ya su faɗo kafin lokacinsu. A huda ƙananan ramuka na shan iska da na zubar ruwa, a zuba ɗan garin katako a ciki. A kafa shi mita uku ko fiye daga ƙasa, a inuwar itace ko ƙarƙashin rufin da rana ba ta duka, ƙofar tana kallon fili, nesa da babban titi. In a kan turke ne, a naɗa masa falle na kwano a tsakiya saboda muzuru da maciji da guza. Zuma takan riga mujiya shiga, don haka ana duba shi kafin kaka. Wanda ya kafa akwati kuma ya daina zuba guba a wannan gona, in ba haka ba ya gayyato baƙuwa ne ya kashe ta. Mai share tsohon curi ya sa safar hannu, ya rufe hanci, ya wanke hannu da sabulu, tun da ragowar ɓera ce.

Ɗan da aka tsinta a ƙasa hukuncinsa ya danganta da irinsa. 'Ya'yan duji suna barin sheƙa tun ba su iya tashi ba, iyaye suna bin su da abinci duk inda suka maƙale. Irin wannan, in ba shi da rauni, a ɗora shi a reshe a kori yara da karnuka, a tafi. Farar mujiya kuwa a cikin sheƙa kaɗai take ciyarwa, ɗan da ya faɗo ba ta bin sa ƙasa. Sai a duba bango a nemi inda farin kashi ya zubo da inda curi ya taru, a hau tsani kafin magariba a mayar da shi cikin 'yan'uwansa. A riƙe ƙafafun da tsumma, domin faratan ne ke ciwo, ba bakin ba. Maganar cewa uwa tana ƙin ɗan da mutum ya taɓa ba gaskiya ba ce. Wanda ya karye ko yake jini, a sa shi a kwali mai ramukan iska a wuri mai duhu da sanyi, kada a ba shi komai, a nemi likitan dabbobi ko ma'aikatan gandun daji. Akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji a Sabuwar Busa, a tsallaken tafki.

A wannan yanki mujiya ta fi yin ƙwai daga ƙarshen damina zuwa cikin rani, lokacin da hatsi ya nuna ɓera ya ƙoshi, wanda kuma shi ne lokacin da ake yawan gyaran rufi. Shugaban makaranta ko kwamitin masallaci da ya tarar da ƙwai ko 'ya'ya a silin, ya dakatar da toshe wannan kusurwar, ya sa a kafa akwati a kusa, sannan a rufe ramin bayan sun fita. Daga saka ƙwan farko zuwa tashin autan, wata uku da rabi ne.